Yadda Kakata Ta Rasa Idon Hagu Tana Jiran Luneti

Da fushi nake rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye ba. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa mai yanar ido a gida, ya zauna ya karanta. In bai iya karatu ba, ya kamo ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, ya karanta masa. Kakata ta shigo Damagaram da idanu biyu masu ciwo, kuma dukansu ana iya gyarawa. Ta koma Durum da ɗaya. Ba ciwon ne ya ci ɗayan ba, mutane ne. Kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Sunana Barira, muna zaune a unguwar Zango a Damagaram, Babana tela ne. A gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a ɗakin girki, kafin labarin ya kai zaure ya zama ɗan maraƙi. Ni ban ga laifin hakan ba, labari ba gishiri wa zai ci?

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Tana da gonar gyaɗa a Durum, kuma ba ta yarda wani ya zaɓa mata iri. Ciwon ya fara mata ne da hayaƙi. Kullum tana faɗa da maƙwabta wai sun cika mata gida da hayaƙi, alhali ko wuta ba su hura ba. Daga nan sai ta gai da turmi da safe, ta tambaye shi kwanan yara, ta yi fushi da bai amsa ba. Mun sha dariya da aka kawo mana labarin. Da ta faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini ta gurɗe ƙafa, dariya ta ƙare. Baba ya nemar mata wuri a kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, aka kawo ta gidanmu. Idonta na dama ya yi fari fat kamar an ɗiga masa nono, na hagu kuwa yana bin sahunsa.

Kafin mu kai ta likita, wato asibiti, sai da dangi suka gama nasu. Shugabarsu Gwaggo Talle ce, ƙanwar Baba, mai sayar da goro a kasuwa. Babu ciwon da Allah ya saukar wanda Gwaggo ba ta san wata mata da ta warke daga shi ba. Aka sa wa Kaka tozali mai zuma. Aka ɗiga mata nonon mai jego. Aka yi mata turaren wata saiwa da ya kori sauro da kaji da Baba kansa daga gidan, yanar idon kuwa tana nan ko gezau.

Ni aka ɗora wa jinya, don ni ce mai ɗan jin faransanci. Layin likita kuwa, in ka shiga kana yaro, sai ka fito da furfura. Muka zauna ƙarƙashin itacen bedi muna matsawa kamar kunkuru, har muka kai gaban lokotoro, mai duba ido. Wani nasara ne dogo, siriri, farar rigarsa ko ƙuda ba ya iya sauka a kanta don tsoro. Yana wanke hannu kafin ya taɓa mutum, ya wanke bayan ya taɓa, ina jin har in ya tuna mutum sai ya wanke. Mai yi masa tafinta shi ne anfirme Malam Ishaku, ma'aikacin jinya, Kirista, ɗan unguwarmu.

Lokotoro ya haska idon Kaka ya ce yanar ba ta nuna ba, a dawo.

Kaka ta ce, “Ɗana, tambaye shi, mangwaro na kawo masa?”

Malam Ishaku ya danne dariya. “Iya, haka aikin yake. Sai ta yi tauri take fita gaba ɗaya.”

Muka yi ta zuwa muna komawa har zafi ya shigo, sannan ya ce ta dama ta nuna, ta hagu sai daga baya. A nan ne ya kamata wani ya zaunar da mu ya gaya mana abin da za a samu da abin da ba za a samu ba. Babu wanda ya yi. Mu ma ba mu tambaya ba. Gwaggo ce ta cike gurbin. Ta bi gida gida tana cewa nasara zai mayar wa Inna idon budurci, za ta hango ƙwarƙwata a kan mai tafiya Takeita. Baba ya sayar da tunkiyar da yake kiwo, ya ajiye ɗinkin mutane, duk a kan wannan magana.

Aikin kansa, in faɗi gaskiya, hannun mutumin nan yana da kyau. Kaka ta ce ba ta ji komai ba sai sanyi. Abin da ya biyo baya ne azaba. Aka naɗe mata idanu duka biyu, aka kwantar da ita rigingine, aka sa ƴan buhunan yashi a gefen kunnuwanta don kada kai ya motsa. An hana ta tari. An hana ta atishawa. An hana ta dariya da tauna da yunƙuri. Saura kaɗan a ce numfashin ma ta dinga neman izini. Ni ke ba ta kunu da cokali, ni ke sa mata tasa in zubar, ni ke kore mata ƙuda, ni ke gadin goro. Gwaggo ta taɓa tura mata ɓari ƙarƙashin zane, na ƙwace na cinye a gabanta.

Kaka ta ce, “Wannan ƴar banza, jira in warke.”

Na ce, “In kin gan ni ba.”

“Zan gan ki. Ko a wari zan gano ki.”

Dole in gode wa matar Malam Ishaku da matan majami'arsu. Ba danginmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba, amma kunun tsamiyarsu bai taɓa yankewa ba, kuma su suke karɓata in na je wanka.

Ranar da aka kwance ƙyallen, lokotoro ya duba ɗinkinsa ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya kira wani nasara ya zo ya gani. Suka yi ta yaba idon kamar ba a jikin mutum yake ba. Kaka kuwa ta ce tana ganin haske, tana ganin wani farin abu dogo yana motsi, amma komai a narke yake kamar an zuba wa duniya ruwa. Sai a lokacin aka gaya mana cewa abin da aka cire, shi ne mai tattara gani, kuma in babu luneti, wato tabarau, mai kauri a madadinsa, haka za ta yi ta gani har abada.

Bayan an sallame mu da ƴan makonni muka koma awo, ni da ita kaɗai. Lokotoro ya ɗora mata wani ƙarfe a hanci, ya dinga zura gilasai yana cirewa. Can sai wani gilashi ya dace da idon Kaka. Ta ɗaga hannunta tana kallon tafin. Ta juyo ta dube ni, tun daga ƙafa har kai.

“Barira? Ke ce kika yi tsawo haka kamar taɓarya? Wa ya yi miki wannan mummunan kitso?”

Na fashe da kuka, ita ma haka. Ta ga ƙadangare a bango. Ta ga Malam Ishaku yana da gibi. Tana cikin lissafa abin da take gani, lokotoro ya sa hannu ya cire ƙarfen.

Ya ce idon bai gama zama ba, awon zai ƙara canjawa. Zai sake aunawa, sannan ya aika Faransa a yanko mata nata daidai da idonta. Na ga wani kwali a kan kabad cike da luneti masu kauri, irin waɗanda aka yi su tun da daɗewa ba don kowa ba. Na tambaya da faransancina na lakwal ko za a ara mata ɗaya kafin nata ya zo. Ya dube ni kamar na ce a ɗaure mata ido da igiyar guga. Abin da ya faɗa har yau yana kunnena, Malam Ishaku ya juya mana shi: “Aikina ba zai fita daga nan da abin kusa-kusa ba. Ko daidai, ko a jira.”

Shi yana da idanu biyu da yake jira da su.

A gida kuwa ƴan barka sun cika tsakar gida. Kun san halinmu, ba a gai da mai ciwon ido a tafi, sai an gwada shi. Kowa ya shigo sai ya tsaya ya yi shiru, sannan ya ce, “To Inna, wane ne ni?” Wani ya ɗaga yatsu. Wata ta nuna zanenta ta ce a faɗi launinsa. Kaka ta kira limamin unguwa da sunan mai sayar da itace. Sai Gwaggo ta ɗauko allura da zare daga keken Baba ta miƙa mata a gaban mutane.

“Inna, nuna musu.”

Kaka ta yi ta soka zare a iska. Wata tsohuwa ta ce, “Allah Sarki, ashe aikin bai yi ba.” Kafin magariba duk Zango ta ji cewa nasara ya ɓata idon uwar tela.

Na tashi na ce ya yi! Na ce da idona na ga ta gani, har ƙadangare, har gibin Malam Ishaku. Gwaggo ta ce, “Ji mai maraƙi a ɗakin girki. Gobe za ki ce ta karanta jarida.” Aka kwashe da dariya. Na ce a tambayi Kaka. Kaka kunya ta riga ta rufe ta, ta ce, “Na ɗan gani, sai aka ɗauke.” Gwaggo ta ce ai shi ne, dabarar nasara ce, ya nuna maka a madubinsa don ka yi ta dawowa. Ta ce wanda ya warke ba ya bukatar kwalba a fuska, luneti na masu aikin biro ne, ƴan ofis, da ke son a ce sun yi lakwal. Ranar da na faɗi gaskiya tsirararta ba gishiri, ranar ce aka fi ƙaryata ni.

Damina ta sauka. Muka koma aka sake awo, aka ce an aika. Muka koma, bai zo ba. Muka sake komawa, jirgi bai iso ba. Shekarar samun ƴancin kai ce, kowane biro ka je ana kwashe takardu, nasaru suna ɗaure akwatuna, babu mai ta lunetin wata tsohuwa daga Durum. Duk zuwa sai na kalli kwalin nan, sai lokotoro ya kalle ni, sai ya girgiza kai. Na taɓa tunanin sacewa. Da na sani na sata.

Kaka ta daina faɗa, abin da ya tsorata ni ke nan. Tana zaune a bakin ɗaki tana jin ƙamshin ruwa, tana tambaya ko an shuka mata gyaɗa, ko wane iri aka sa. Idon hagu ya ƙarasa rufewa. Lokotoro ya ce ya nuna, amma ba zai taɓa shi ba sai ya ga na dama ya kammala yadda yake so.

Sai Gwaggo ta zo da labarin wani mutum da ya sauka a kasuwar Takeita, mai ture yanar ido da tsinke. Ba kwanciya, ba buhun yashi, ba kwalba. Kana zaune zai yi, ka tashi kana gani. Ta san wata mata, ba shakka. Baba ya ce a'a, a jira. Gwaggo ta ce, “Yaya, jira har yaushe? Ka sayar da tunkiya an ba ka hazo. In ta mutu ba ta ga jikokinta ba, kai za ka amsa.” Baba ya yi shiru. Shirun Baba na san shi, rabin yarda ne. Na ce in aka kawo mutumin nan zan yi ihu har sojan barikin su fito. Gwaggo ta ce ba da yara ake shawara ba.

Ranar bikin ƴancin kai aka kira mu ƴan lakwal, duk da ana hutu, mu yi maci. Na yi wanka, na sha maci cikin rana, na yi waƙa har muryata ta dushe. Da na dawo da la'asar, tun daga bakin titi nake jin guɗa. Na zaci ta bikin ƙasa ce. Ina shiga na tarar da Kaka a kan tabarma, an ɗaure mata idon hagu da tsumma mai warin ganye. Gwaggo tana rawa. Wai da ya ture yanar, Kaka ta ga yatsunsa, ta faɗi adadinsu daidai. Mutumin ya sha fura, ya karɓi abinsa, ya ce kada a buɗe sai bayan kwana uku, ya kama hanya.

Na ce, “Kaka, me ya sa kika yarda?”

Ta ce, “Ni na ce a yi. Kada ki zagi kowa. Na ga tafin hannuna sau ɗaya, Barira. Da ban gani ba, da na haƙura.”

Ba a kai kwana ukun ba. Ciwo ya kama ta daga ido har ƙeya. Ta yi ta amai. Wannan matar da ta haifi ƴaƴanta ba a ji muryarta ba, ita ce take dukan ƙasa da tafin hannu. Da muka kwance tsumman, idon ya kumbura ya yi ja kamar gauta, yana ruwa. Gwaggo ta ce dafin ciwon ne ke fita. Baba bai ko dube ta ba, ya goya mahaifiyarsa a baya kamar jaririya, muka yi likita. Aka aika Takeita neman mai tsinke, aka ce ya yi gabas.

Lokotoro ya duba, fuskarsa ta yi jawur. Ya fara faɗa, yana buga teburi, wai jahilci, wai an lalata masa ido mai kyau da zai yi aiki a kansa. Malam Ishaku ya ƙi juya rabin maganar. Ni kuwa na ji duka. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ba idonsa ba ne, idon Kakata ne. Na ce wata nawa tana zaune cikin hazo, maganin yana kan kabad ɗinsa yana shan ƙura. Na ce da ya ara mata na kusa-kusa, da duk Zango ta ga tana gani, da babu mai tsinken da zai shiga gidanmu. Faransancina ya ƙare a tsakiya, na ƙarasa da Hausa, kuma na tabbata ya gane. Baba yana ta ja mini zane yana cewa, “Ke, ke, za a ɗaure mu.”

Ba a ɗaure mu ba. Lokotoro ya je ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ya kwantar da Kaka, ya yi ta mata allura har ciwon ya lafa, kuma kowace safiya shi da kansa yake zuwa wanke idon. Wannan na gode masa. Amma idon ya mutu. Ya shanye, ya koma ciki, ko hasken rana ba ya ji.

Ranar sallama ya ce a sauko da kwalin. Ko a nan halinsa bai bar shi ba. Ya sa mata wannan ya cire, ya sa wancan ya ɓata fuska. Da ya kai kan wani mai baƙin ƙarfe, ya miƙa hannu zai cire, Kaka ta dafe shi da hannu biyu a kan kunnuwanta.

“Ɗana, gaya masa wannan ya zauna. In yana so, sai dai ya haɗa da kan.”

Na Faransa har yau bai zo ba. Lokotoron ma ya koma ƙasarsu.

Yanzu ga abin da babu wanda ya gaya mana, ni zan gaya muku kyauta. Wanda aka cire wa yanar ido ba ya komawa yaro. Da luneti, komai yana zama ƙato kuma kusa. Kaka ta ce kaina ya kai tulu. Bakin ƙofa yana lanƙwashewa in ta matso. Ta sha zuba ruwa a gefen moɗa, ta sha miƙa hannu ta kama iska. Mutum in ya zo ta gefe ba ta ganinsa sai ya faɗo gabanta kamar aljani, har ta taɓa kai wa Baba sanda. Idonta a bayan gilashin ya yi girman na mujiya, yaran unguwa suna gudu. Ɗinki ya ƙare mata. Amma tana zuwa bayan gida ba jagora, tana gane fuska, tana tsince tsakuwa daga gero in ta kawo faifai kusa. Kafin ku yarda a taɓa idon tsohonku, ku tsare lokotoro ku ce ya faɗa muku me za a gani, me ba za a gani ba, kuma da me za a zauna kafin na daidai ya zo. Sannan ku tsare ƙofa, kada ku bar kowa ya gwada mai jinya a gaban jama'a.

Gwaggo tana zuwa da goro, tana zama nesa. Kaka ta yafe mata. Ni ina gaishe ta don Baba, iyakarta ke nan.

Da kaka ta yi, na raka Kaka Durum. Daga inda kamyo ya sauke mu ta ƙi in riƙe mata hannu. Tana gaba tana ɗaga ƙafa sama sama kamar zalɓe, ina biye da ƙullin kaya. A ƙofar gidan maƙwabcinta muka tarar da Malam Nomau, tsohon da suka yi shekaru suna faɗa a kan iyakar gona. Yana zaune a rana, idanunsa duka sun yi fari. Ya ji muryarta ya ɗago kai.

“Fasuma, ke ce? An ce nasara ya ba ki idon budurwa. An kuma ce ya makantar da ke. Wanne ne?”

“Duk ƙarya ne. Ido ɗaya na dawo da shi, shi ma sai da kwalba.”

“To me kike gani da shi? Ƴaƴana suna so su kai ni, na ce in ba zan gani sarai ba, a bar ni.”

Kaka ta matsa kusa, ta gyara lunetinta, ta ƙare masa kallo.

“Sarai sai a lahira, Nomau. Ina ganin rami kafin in faɗa. Ina kuma ganin rigarka a bai-bai take, kuma akuya tana cin goron da ke gefenka.”

Tsohon ya kai hannu ya doki akuyar. Ya shafa wuyan rigarsa. Can ya ce, “Yaushe kamyon yake komawa Damagaram?”